Amsar Tambaya: Jeren Falo da Kaskon Wuta

Tambaya: Ni amarya ce, an kawo ni Kalgo daga Gwandu. Falona ƙarami ne, ga hunturu ya shigo. Yaya zan jera kujeru har kaskon wuta ya samu wuri?

Amsa: Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Jingina doguwar kujera da bango, ƙananan a gefe, ki bar tsakiya fili. Kabad ɗin kwanuka ya koma kusurwa. Hura gawayi a tsakar gida, sai ya zama garwashi ki shigo da kaskon. Ajiye shi kan siminti, nesa da labule, leda da yara. Buɗe taga kaɗan, domin gubar gawayi ba ta da wari amma tana kisa. Kada ki kwana da shi a ɗaki.