Darasi: Tsadar Masara Daga Taki Take Farowa

Ya kai dillali, ka sani takin yuriya da iskar gas ake yin sa. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, gas ya hau, taki ya bi shi, dizal ma haka. Mai babbar gona ya ji jiki, don tarakta ba ta cin harawa, takin shanu kuma ba ya isar eka 500.

To, masara uwar cin taki ce. In buhu ya gagara, sai manomi ya rage ta, ya koma dawa da waken soya. Saboda haka kada ka yanke wa masu abincin kaji farashin masarar kaka sai ka ji yadda aka sayi taki da shuka. Ni na taɓa gaggawa a Dawanau, da uwar kuɗina na cika alkawarin.