AMRITSAR: HAIKALIN ZINARIYA DA ƊAKIN GIRKINSA

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya ya ga mutumin nan mai dogon gemu, da rawani a naɗe tsaf, da awarwaron ƙarfe a hannu. Da yawa cikin ɗalibaina suna tsammani Musulmi ne saboda rawanin, waɗansu kuwa su ce Hindu ne. Dukansu sun yi kuskure. Mabiyin addinin Sikh ne, tushen addininsa kuwa yana ƙasar Punjab, a arewa maso yammacin Indiya.

Ma'anar Punjab ita ce ƙasar koguna biyar, watau Jhelum, Chenab, Ravi, Beas da Sutlej. Ƙasa ce ta noman alkama da shinkafa. A nan aka haifi Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, a shekarar 1469. Guru yana nufin malami ko jagora. Ya koyar cewa Allah ɗaya ne, ya kuma ƙi al'adar nan ta raba mutane aji-aji bisa ga haihuwa, inda ɗan babban gida ba ya cin abinci da ɗan mai shara. Jagorori tara suka biyo bayansa. Na ƙarshe, Guru Gobind Singh, kafin ya rasu a 1708 ya ce littafinsu, Guru Granth Sahib, shi ne jagora daga nan gaba.

Baƙon da ya nufi Punjab, birnin Amritsar yake fara sauka. Daga Delhi tafiyar wajen kilomita 450 ce a jirgin ƙasa. Gara a je tsakanin Oktoba da Maris, gama zafin Mayu da Yuni ba wasa ba ne. Jagora na huɗu, Guru Ram Das, shi ya kafa garin wajen 1577, ya sa aka haƙa babban tafki. A tsakiyar tafkin nan jagora na biyar, Guru Arjan, ya gina Harmandir Sahib, ya sa littafinsu a ciki a 1604. Zinariyar da ta sa duniya take kiransa Haikalin Zinariya daga baya ta zo, wajen 1830, zamanin Sarki Ranjit Singh.

Ku lura da abu biyu game da ginin. Ƙofofinsa huɗu ne, gabas da yamma, kudu da arewa, alamar cewa daga ko'ina mutum ya fito yana iya shiga. Sa'an nan ba a ɗora shi bisa tudu ba. Mai zuwa sai ya gangara matakala kafin ya kai bakin tafkin. Ba a tambayar addinin kowa a ƙofa, amma akwai ka'ida: a tuɓe takalma, a wanke ƙafa, a rufe kai, mace ko namiji, ba a kuma shiga da taba ko giya.

To, a ganina abin da ya fi zinariyar nan nauyi shi ne ɗakin girkin da suke kira langar. Dare da rana ana dafa abinci, dubun dubatan mutane suna ci kowace rana, ba a karɓar ko sisi. Abincin ba na ƙawa ba ne: gurasa marar yisti, miyar ƙananan wake, ganyaye, da shinkafa da aka dafa da madara da sukari. Ba a sa nama, domin kada a sami wanda addininsa zai hana shi ci. Yawancin masu aikin ba 'yan ƙwadago ba ne. Za ka tarar da attajiri yana ɓare tafarnuwa, likita yana wanke kwanuka, tsohuwa tana murza ƙullu, kowa don ganin damarsa. Kuɗin kuwa daga baikon masu bi yake fitowa.

Yadda ake zaman shi ne ainihin darasin. Kowa a ƙasa yake zama, sahu-sahu bisa doguwar tabarma, ba babban tebur na manyan baƙi. A ƙasar da taɓa kwanon wani kan ƙazantar da mutum, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana ba da labari cewa Sarki Akbar da kansa, da ya ziyarci jagora na uku, Guru Amar Das, sai da ya zauna ya ci tare da talakawa kafin ya gan shi. Bangaskiyarsu dabam take da tamu, ba na kuwa ɓoye wannan. Amma idan na tuna yadda mukan keɓe kujerun gaba da naman kaza ga masu hannu da shuni a bukukuwanmu na ikilisiya, sai kunya ta kama ni.

Kada ku ɗauka birnin bai san jini ba. Tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga haikalin akwai wani fili mai katanga, Jallianwala Bagh. Ran 13 ga Afrilu 1919 Janar Dyer na sojan Ingila ya sa aka buɗe wuta a kan taron mutane marasa makami. Turawa sun ce mutum 379 suka mutu, Indiyawa suka ce sun fi dubu. An bar ramukan harsashi a jikin bango, da rijiyar da mutane suka faɗa ciki garin gudu. Haikalin kansa ma bai tsira ba. A Yuni 1984 Firayim Minista Indira Gandhi ta tura soja su fitar da 'yan bindigar da suka fake a harabarsa, aka kashe mutane da yawa. Ran 31 ga Oktoba na shekarar masu tsaronta biyu 'yan Sikh suka harbe ta, sa'an nan aka hallaka dubban 'yan Sikh a Delhi.

Wajen kilomita 30 yamma da Amritsar akwai iyakar Indiya da Pakistan a Wagah, inda sojojin ƙasashen biyu suka fara faretin sauke tuta da yamma tun 1959. Iyakar nan a 1947 aka ja ta, ta raba Punjab biyu. Garin da aka haifi Guru Nanak, Nankana Sahib, ya faɗa cikin Pakistan, haka ma Kartarpur inda ya rasu a 1539. Shekaru da yawa 'yan Sikh na Indiya sukan tsaya a bakin iyaka su hango Kartarpur da tabarau mai jawo nesa. A Nuwamba 2019 ne aka buɗe musu gajeriyar hanya ta zuwa can ba tare da biza ba.