Ina Farfelun Jirgi Mai Inji Biyu Ke Fuskanta?

Wani malami mai saurarenmu daga Zariya ya rubuto yana tambaya, shin farfelun jirgin sama mai inji biyu waje ɗaya suke juyawa, ko kuwa saɓa wa juna suke yi?

To, Allah gafarta Malam, mas'alar tana da fuska biyu. Galibin jiragen Amurka masu inji biyu, in ka tsaya a bayansu ka duba, za ka ga farfelun duka suna juyawa dama kamar hannun agogo, domin samun sauƙin gyara da musayar kayan inji. Illar wannan kuwa ita ce, sa'ad da jirgi ya ɗaga hanci, reshen farfela mai gangarowa ya fi cizon iska, kuma da yake na injin dama ya fi nisa da gangar jirgi, in injin hagu ya mutu, sai na dama ya murɗa jirgin da ƙarfin da zai wahalar da matuƙi ƙwarai. Saboda haka masana ke kiran injin hagu inji mai hatsari.

Wannan ne ya sa kamfanin Piper ya ƙera jirgin Seneca da farfelu masu saɓani, kowace tana gangarowa ta wajen ciki, hikimar da ni kam nake ganin ta cancanci yabo.

Masu haɗa ƙananan jirage na lantarki kuwa, in suna son sauya juyin farfela, musanya wayoyi biyu cikin ukun injin ya isa, muddin an ɗaura farfela mai dacewa da sabon juyin.