Hular Gudu: Yadda Ake Zaɓar Wadda Za Ta Tare Rana Ba Tare da Ta Dafa Kai Ba

Yawancin matasan da suka fara fita gudu da safe sun fi mayar da hankali kan takalmi, da agogon hannu mai ƙirga taku, da manhajar Strava da za ta nuna wa abokai kilomita nawa aka ci. Hula kuwa, duk wadda hannu ya kai gare ta ita ce. Galibi tsohuwar hana-sallah ce ta auduga, irin wadda ake rabawa a wurin taro ko lokacin kamfen. Kafin a yi kilomita uku ta jiƙe sharkaf, ta yi nauyi, gumi mai gishiri yana gangarowa cikin ido, kai kuma ya ɗauki zafi kamar an kifa masa tukunya. Daga nan sai mutum ya cire ta ya riƙe a hannu, rana ta ci gaba da dukan kansa.

Dalili shi ne ana neman hular gudu ta yi ayyuka biyu masu karo da juna. Ana so ta hana zafin rana shiga, ana kuma so ta bar zafin jiki ya fita. Duk fasahar da kamfanoni ke zubawa a wannan ɗan ƙyalle, ƙoƙarin sulhunta waɗannan biyun ne.

Darasin da ke cikin randa

Lokacin gudu, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa ba ya zama motsi, zafi yake zama. Babbar hanyar da jiki ke zubar da wannan zafin ita ce gumi, kuma mai gudu a lokacin zafi yana iya fitar da lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. Sai dai fitar gumin kaɗai ba ta sanyaya jiki. Bushewarsa ce ke sanyayawa. Haka randa ke aiki: ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska na busar da shi, shi ya sa na ciki ke yin sanyi. Da za a naɗe randa da leda, da sanyin ya ƙare. Hular da ke riƙe gumi tana hana shi bushewa, ita ce wannan ledar.

An ga haka ƙarara a gasar tsere da tsalle-tsalle ta duniya da aka yi a Doha ta ƙasar Ƙatar a 2019. An fara gudun fanfalaƙin mata da tsakar dare don a kauce wa rana, amma cikin mata 68 da suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba. Babu rana a sama, iskar ce ta cika da danshi har gumi ya kasa bushewa. Wannan ya isa ya nuna cewa inuwa rabin aikin hula ce kawai.

Yadi

Auduga tana da daɗi a jiki, amma zarenta na shan ruwa ya riƙe a cikinsa. Ko a busasshen ɗaki, auduga na ɗauke da danshi da ya kai kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, poliyesta kuwa ba ya kai ko kashi ɗaya. Da yake zaren poliyesta ba ya shan ruwa, sai gumin ya bi ta tsakanin zaruruwan ya bazu a saman yadin, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, iska ta same shi ta busar. Kamfanin DuPont ya fito da zaren Coolmax a 1986, wanda aka yi wa kwaroro a jiki domin ruwa ya sami hanyar bi. Sunaye irin su Dri-FIT na Nike da AEROREADY na Adidas duk a kan wannan dabarar suke.

Suna a jikin hula ba hujja ba ne, domin jabu ya cika kasuwa, kuma ɗinka tambari ba shi da wuya. Gara a duba 'yar takardar da aka ɗinka daga ciki a ga ko an rubuta poliyesta ko nailan. Sannan akwai gwaji mai sauƙi: a ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a cikin hular, wajen da ke taɓa goshi. Idan ya bazu nan take ya yi faɗi, yadin na jan gumi. Idan ya nutse wuri ɗaya ya yi duhu ya zauna, haka zai yi da gumi. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana wannan ba. A gwanjo ma ana samun hulunan gudu na asali masu rahusa, matuƙar robar cikinsu ba ta saki ba.

Wannan ɗamarar da ta zagaye cikin hula ta fi komai muhimmanci ga ido, ita ke tare gumin goshi. A shafa ta da yatsa. Idan ɗinkinta na da kaushi, bayan awa guda tana gogar jiƙaƙƙen goshi za ta bar ƙuraje.

Lambar UPF da abin da waya ke nunawa

Zafin da fata ke ji daban, hasken UV da ke ƙona ta daban. Shi UV ba a ganinsa, ba a jin sa, kuma yana ratsa siririn gajimare. Kusan kowace manhajar hasashen yanayi da ke zuwa da waya tana nuna ma'auninsa, sai dai mutane ba su cika gangarawa ƙasan shafin su duba ba. Daga 0 zuwa 2 ƙarami ne, 3 zuwa 5 matsakaici, 6 zuwa 7 mai yawa, 8 zuwa 10 mai yawa sosai, 11 zuwa sama kuma matsananci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara kare jiki da zarar ya kai 3. A garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Yamai, tsakar ranar bazara takan kai shi matakin ƙarshe. Mazauna Jos kada sanyin gari ya ruɗe su: garin na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma UV na ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin ɗari a duk hawan mita 1,000.

Lambar UPF da ake rubutawa a jikin wasu huluna tana nuna yawan UV ɗin da ke ratsa yadin. UPF 50 na barin kashi ɗaya cikin 50 ya wuce, wato kashi 2 cikin ɗari. UPF 30 na barin ɗaya cikin 30. Farar rigar auduga ta yau da kullum ba ta wuce kusan 5 ba, idan ta jiƙe kuma sai ta ƙara raguwa. Baƙar fata na da kariyar da ta fi ta farar fata, amma ba ta kare ido ba, kuma yawan shan UV na daga cikin abubuwan da ke jawo yanar ido. Ga mai sanƙo, da wanda ya aske kansa tas, da kuma zabiya musamman, wannan lambar ba ado ba ce.

A nan ne rikicin ayyukan biyu ke fitowa. Hula mai raga ko'ina tana shan iska, amma rana na shiga ta kowane rami. Mai saƙa a matse tana tare rana, amma tana riƙe tururi. Sulhun da ya fi dacewa shi ne saman hular ya zama rufaffen yadi mai UPF, raga ko ƙananan huji su koma gefe da baya, inda rana ba ta dukansu kai tsaye. A kunna tocilar waya a cikin hular a duba daga waje: inda haske ya fito da yawa, nan rana za ta shiga. Gwajin ba ya auna UV daidai, amma yana tona asirin sakakkiyar saƙa.

Launi mai haske ya fi mayar da zafin rana, don haka fari ko ruwan toka mai haske ya fi baƙi a sama. Ƙarƙashin bakin hular kuwa ya fi kyau ya zama mai duhu, domin ya rage ƙyallin da kwalta da yashi ke jefowa ido daga ƙasa.

Hana-sallah kowace iri ce tana barin kunnuwa da ƙeya a buɗe. Shi ya sa masu gudun Marathon des Sables, tseren kusan kilomita 250 da ake yi a Saharar Maroko tun 1986, suke sa hula mai ƙyalle da ke sauka ya rufe wuya. Abokai za su yi wa mai irinta dariya a unguwa, amma ga wanda zai yi dogon gudu bayan hantsi ita ce daidai. Akwai wadda ake ɓalle ƙyallen a sa a aljihu.

Kowane lokaci da bukatarsa

A bazara iska busasshiya ce, don haka zuba ruwa a kan hular poliyesta yana sanyaya kai sosai, dabarar randa ce dai. Amma idan zafi ya haura digiri 40, babu hular da za ta mayar da gudun rana abu mai aminci. Jiri, ko ruɗewa, ko tashin zuciya alama ce ta a tsaya nan take, a shiga inuwa, a jiƙa jiki, a nemi taimako idan abin bai lafa ba.

A damina amfanin hula shi ne bakinta, wanda ke hana ruwa dukan ido, musamman ga mai tabarau. Akwai masu hana ruwa shiga ɗungurungum, irin na yadin Gore-Tex, amma an yi su ne da ƙasashen da ruwan samansu ke zuwa da sanyi a rai. A ruwan Agusta mai ɗumi, mai gudu zai jiƙe da guminsa daga ciki, kuɗin kuma sun tafi. Sirirriyar hula mai saurin bushewa ta wadatar.

Da hunturu, sanyin asuba na sa wasu su sa hular sanyi mai kauri, bayan minti goma su rasa inda za su ajiye ta. Zancen cewa rabin zafin jiki ta kai yake fita ba gaskiya ba ne, kai bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗin jikin baligi ba. Kunnuwa ne ke shan wuya, siririn ƙyalle da zai rufe su a ƙarƙashin hula ya isa. Babban haɗarin wannan lokacin shi ne duhu da hazo. Mai fita bayan sallar asuba yana raba titi da 'yan adaidaita da masu babur da ba sa hango shi. A nemi hula mai layin da ke mayar da hasken fitilar mota zuwa idon direba, gaba da baya. A tantance shi da waya: a ɗauki hoton hular da filasha a wuri mai duhu. Na gaske zai haska fari fat a hoton, fentin azurfa na jabu kuwa ba zai yi komai ba.

Zama a kai

A zagaya tef ɗin tela a kai, ɗan sama da gira da kunnuwa. Yawancin manya na faɗawa tsakanin santimita 54 da 60. Hular da ta dace yatsa ɗaya zai shiga tsakaninta da goshi, kuma ba za ta faɗi ba idan an sunkuya an girgiza kai. Wadda ta bar shaida mai zurfi a goshi za ta kawo ciwon kai. Maɗauri mai mannewa yana da sauƙin gyarawa ana cikin gudu, sai dai yana kama gashi, ƙura kuma na kashe shi da wuri. Na igiyar roba ya fi daɗewa.

A gwada ta tare da abin da za a sa a kunne da kuma tabarau, domin doguwar hula na danne nau'in abin sauraren da ke zagaye bayan kunne. Mata masu kitso ko tufkar gashi su duba faɗin ƙofar baya. Masu sa hijabin wasanni, irin wanda Nike ya fitar a 2017, sun fi jin daɗin hula mai baki kawai marar rufin sama, tunda kai ya riga ya rufu, ƙara masa wani yadin ƙarin zafi ne.

Gishirin gumi na taurara yadi ya toshe hanyoyin da ruwa ke bi, ƙurar hunturu kuma na cike ragar. A ɗauraye hular da ruwan sanyi bayan kowane gudu, a wanke ta da hannu da ɗan sabulu sau ɗaya a mako. Ban da ruwan zafi, ban da bilic, ban da sinadarin tausasa tufafi, wanda ke lulluɓe zaren ya hana shi jan gumi. A kifa ta a kan kwano ko ƙwarya domin kada siffarta ta lalace, a shanya a inuwa.