Ƙanensa ya kamo shi a tsayi, likita ya ce a yi gwaji da insulin

Likita, ɗana na fari shekararsa 10, amma ƙanensa mai shekara 7 ya kamo shi a tsayi, har baƙi suna zaton tagwaye ne. Yana cin abinci, ba ya yawan ciwo, kuma yana ƙoƙari a makaranta. Kayan Sallarsa na shekara biyu da suka wuce har yanzu daidai suke masa. Likitan yara ya ce yana zargin ƙarancin sinadarin girma, za a kwantar da shi da safe bai ci komai ba, a yi masa allurar insulin, a yi ta ɗibar jininsa. Kakarsa ta ce gajarta ba ciwo ba ce, kada a taɓa mata jika. Ni kuma tsoro nake ji, don ba shi da ciwon suga. Me ya sa ba za a ɗebi jini sau ɗaya a gama ba?

Wata uwa daga Gusau

'Yar'uwa, Allah ya raya mana su. Kakarsa tana da gaskiya a kan yawancin yara: gajarta gado ce, ko jinkirin balaga wanda yaro zai cimma sa'o'insa daga baya. Amma zancen kayan Sallar nan ya tsaya mini a rai. Yaro mai shekarunsa ya kamata ya riƙa ƙara kusan santimita 5 a shekara. Gajeren da ke ƙaruwa daban, wanda ya tsaya cak daban.

Sinadarin girma yana fitowa ne daga wata 'yar tsoka da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, ana kiranta fituwitari. Ba kullum take sakinsa ba. Kamar famfon unguwa take, wanda ke kawo ruwa tsakar dare ya ɗauke da safe: galibin sinadarin yana fita ne lokacin barci mai nauyi. Idan aka ɗebi jinin yaro lafiyayye da hantsi, ana iya samun kusan babu komai. Shi ya sa ɗiba ɗaya ba ta nuna komai, dole sai an tsokani tsokar a ga ko za ta amsa.

Aikin insulin ke nan. Yana saukar da sugan jini na ɗan lokaci, jiki ya ji an matsa masa, fituwitari mai lafiya ta saki sinadarin da yawa. Za a sa masa allurar roba a jijiya irin ta ƙarin ruwa, don kada a yi ta huda shi, a riƙa ɗibar jini kaɗan duk bayan minti 15 zuwa 30 har kimanin awa biyu. Zai yi zufa, ya ji yunwa da kasala. Ba gwajin wasa ba ne, kuma ba zan ɓoye miki ba: ba a yinsa sai likita na tsaye, da ruwan suga a hannu. Ba a yi wa mai farfaɗiya ko ciwon zuciya. Idan ya taɓa suma ko jijjiga, ki faɗa tun kafin ranar. Akwai kuma wasu magungunan da ake tsokanar tsokar da su, irin su gulukagon da kilonidin, kuma likitocin yara da yawa sun fi son su. Haƙƙinki ne ki tambayi dalilin zaɓen insulin. Sau da yawa ma sai gwaji biyu sun nuna ƙaranci kafin a yanke hukunci, domin yaro lafiyayye kan faɗi guda.

Kafin a kai nan, ki tabbata an bi matakan farko: awon tsayinsa sau biyu da tazarar aƙalla wata shida, awon tsayinki da na mahaifinsa, da hoton ƙashin hannun hagu wanda ke nuna shekarun ƙashi. A duba sikila, ƙoda, da sinadarin tayirod na maƙogwaro. Akwai gwajin IGF-1, wanda hanta ke samarwa bisa umarnin sinadarin girma, sai dai ƙarancin abinci mai gina jiki ma yana saukar da shi, kuma a ƙasarmu wannan ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ƙarancin sinadarin girma na gaskiya bai wuce yaro 1 cikin 4,000 zuwa 10,000 ba.

Idan gwajin ya tabbata, za a yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, don a wasu yaran ƙari ne ke danne tsokar. Yawan ciwon kai, amai da safe, raunin gani, ko ƙishirwa da fitsari marasa iyaka, kowannensu dalili ne na komawa asibiti a makon nan, ba jiran ranar gwaji ba.

Maganin allura ce a ƙarƙashin fata, galibi kowane dare, tsawon shekaru. Tun 1985 ake haɗa shi a masana'anta. Yana da tsada, kuma yana ƙara tsayi ne kawai kafin ƙasusuwa su rufe bayan balaga, don haka jiran da kakarsa ke so yana cin lokacin da ya rage masa. Kada ki kashe kuɗinki a kan ƙwayoyi da garin "ƙara tsayi" na kemis ko na Facebook. Sinadarin nan ba ya aiki ta baki, ciki ne ke narkar da shi. Ranar ganin likita ki tafi da katin awonsa na jarirai idan yana nan, ki kuma roƙi mahaifinsa ya zo da kakar, ta ji bayani da kunnenta.