GUZURIN HAJJI DA UMARA: KUƊAƊEN DA BA SA CIKIN KUƊIN KUJERA



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau a kan guzuri ne. Da yawa daga cikin maniyyata, da zarar sun kammala biyan kuɗin kujera sai su ɗauka lissafi ya ƙare. Na sha ganin bawan Allah ya tafi da farin ciki, kafin ya yi mako biyu a Makka aljihu ya bushe, ya koma yana bin ɗakunan 'yan garinsu yana neman rance. Wani kuma ya dawo gida da sunan Alhaji, amma bashi ya yi masa katutu har shekara ta zagayo.

Wannan matsala tsohuwa ce. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas (RA) cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna zuwa Hajji ba tare da guzuri ba, suna cewa su masu tawakkali ne, idan sun iso Makka kuma sai su kama roƙon mutane. A kansu aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka, tana umarni da a yi guzuri. Haka nan aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana ta rataya wajibcin Hajji a kan samun iko, kuma mafi yawan malamai sun shigar da abin hawa da guzurin zuwa da dawowa cikin wannan iko, bayan an ware abin da iyali za su ci. To ka ga lissafin kuɗin tafiya yana cikin fiƙihun ibadar kanta.

Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, abin da ake kashewa tun kafin a tashi. Fasfo, wanda dole ya zama yana da sauran aƙalla wata shida kafin wa'adinsa ya cika. Allurar rigakafin sanƙarau da ta shawara. Harami, jaka, takalmi, da magungunan da mutum ya saba sha. Kuɗin mota daga ƙauye zuwa sansanin alhazai, da abincin kwanakin da za a yi ana jiran jirgi, domin ɗage tashi ba baƙon abu ba ne. Kowanne ka ɗauke shi shi kaɗai ƙarami ne, amma ka haɗa su ka gani.

Na biyu, canji. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya riyal 3.75, kuma haka yake tun 1986. Ma'ana duk ranar da dala ta tashi a kasuwarmu, riyal ma ya tashi. Ba mu manta da 2024 ba, lokacin da faɗuwar naira ta sa hukumar alhazai ta ƙasa ta nemi waɗanda suka riga suka biya su cika kusan naira miliyan 1.9 kowanne. Saboda haka ka yi lissafinka da riyal, kuma ka riƙa canza abin da ka tara da wuri gwargwadon hali. Sai dai a kula da hukunci: canjin kuɗi da kuɗi sharaɗinsa hannu da hannu ne. Ka ba ɗan canji naira yau a kan zai ba ka riyal bayan mako biyu idan kun haɗu a Makka, wannan ciniki akwai matsala a cikinsa. Ku yi musayar a zama ɗaya, ko a tura maka a asusunka nan take.

Na uku, rayuwar yau da kullum a can. A Hajjin 2024 guzurin da aka ba kowane alhajin Najeriya dala 500 ne, wato riyal 1,875. Idan zaman ya kai kwana 35, ya kama kusan riyal 53 ke nan a rana. A cikinsa za a sayi layin waya da data, a biya wanki, a biya aski, a hau tasi ranar da ƙafa ta gaza, a sayi maganin mura da tarin da kusan kowa ke kamuwa da shi. Kuma tun watan Yulin 2020 harajin kayan masarufi a Saudiyya kashi 15 cikin ɗari ne, don haka wanda ya je shekaru goma da suka wuce kada ya ba ka farashin zamaninsa ka gina lissafi a kai. Mai cire kuɗi da katin banki kuma ya sani ana yankar wani abu a kowane cirewa, kuma kati yakan ƙi aiki a ranar da aka fi buƙatarsa.

Mai tafiya da tsoho ko tsohuwa ya ware kuɗin keken guragu da mai tura shi a ɗawafi da sa'ayi, domin lokacin cunkoso farashinsa hawa yake. Mai zuwa Umara ta kamfani ya tambaya dalla-dalla, a rubuta masa: akwai abinci a ciki? Mota tsakanin Jidda, Makka da Madina fa? Masaukin tafiyar minti nawa ne zuwa Harami? Masauki mai araha da ke nesa, abin da ka rage a kuɗin ɗaki a tasi za ka biya shi, musamman a goman ƙarshe na Ramadan.

Na huɗu, kuɗaɗen da ibadar da kanta take jawowa. Mai yin Tamattu'i ko Ƙirani hadaya ta hau kansa, kuma kuɗinta ɗaruruwan riyal ne. Ka tambaya tun a gida ko tana cikin kuɗin kujerarka ko a'a. Wanda da gaske ba shi da hali, Allah Ya sauƙaƙa masa da azumin kwana goma, uku a lokacin Hajji, bakwai bayan ya koma gida. Amma wanda ya ƙarar da kuɗinsa a kantin zinare sannan ya ce ba shi da halin hadaya, ya binciki zuciyarsa. Akwai kuma fidiya ga wanda larura ta sa ya aikata abin da harami ya hana, kamar aske kai saboda ciwo: azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka akuya ko tunkiya. Wanda ya bar wani wajibi, kamar wuce miƙati ba tare da harami ba, yanka ya hau kansa. Jahiltar hukunci ma yana cin kuɗi, shi ya sa halartar bita take da muhimmanci.

Na biyar, tara. A 2025 hukumomin Saudiyya sun sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga duk wanda aka kama yana ƙoƙarin yin Hajji ba da izini ba, tare da kora da hana shiga ƙasar na shekara goma. Masu cewa za su shiga da bizar ziyara su laɓe har Arafa, su auna wannan da kyau. Haka zarce wa'adin biza, da ɗaukar kayan da aka hana shiga da su irin su goro, da karɓar saƙon da ba ka san abin da ke ciki ba. Wallahi jaka ɗaya ta wani tana iya jawo maka abin da kuɗi ma ba zai fitar da kai ba.

Na shida, tsaraba. Nan ne fa yawancinmu muke zamewa. Dabino, jallabiya, darduma, carbi, turare, kowa a dangi da unguwa yana jiran nasa. Sai kaya su wuce nauyin da jirgi ya yarda da shi, a filin jirgi a ce ko ka biya ko ka zubar. Kyauta abu ne mai kyau, amma ba rukunin Hajji ba ce, ba wajibinsa ba ce. Ka rubuta sunayen waɗanda za ka yi wa, ka yanke adadin kuɗin, kuma ka bar sayayyar sai ka gama da hadaya. Mu da muke gida kuma mu ji tsoron Allah mu rage wa alhazai nauyi. Addu'arsu a Arafa ta fi mana hula da zobe.

Na bakwai, gidan da ka baro. Abu Dawuda ya ruwaito hadisi mai tsoratarwa a kan mutumin da ya tozarta waɗanda ciyarwarsu ke wuyansa. Kafin ka tashi ka bar abinci, kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara, da wani abu saboda rashin lafiya, na tsawon tafiyar har da ƙarin mako biyu, saboda jirgin dawowa yakan yi jinkiri. Idan ana bin ka bashin da lokacinsa ya yi, ka biya ko ka nemi yardar mai shi. Ka tuna kuma bayan ka dawo kasuwarka ko sana'arka za ta ɗauki lokaci kafin ta miƙe, ga 'yan barka da zuwa.

Idan duk da haka larura ta sa ka ci bashi a can, ku rubuta, ku sa shaidu. Wanda ya ranci riyal 500, riyal 500 ake bin sa. Idan a ranar biya suka yarda a biya da naira, to da farashin wannan ranar za a yi, kuma a biya kafin su rabu. Zumunci da yawa ya lalace a kan wannan mas'ala, mai bashi yana lissafi da canjin yau, wanda ake bi yana lissafi da na bara.

Shawarata a taƙaice: ka ɗauki takarda ka raba guzurinka gida huɗu. Na hadaya da abin da ya shafi ibada, na buƙatun kullum, na tsaraba, sai na ko-ta-kwana. Wannan na ƙarshen ya kai kamar kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da ke hannunka, ka ajiye shi a wuri daban da sauran, kada ka taɓa shi sai rashin lafiya, ɓatan kuɗi ko jinkirin jirgi. Idan ka dawo da shi lafiya, alhamdu lillahi, ka samu jarin komawa kasuwa.

Wanda lissafinsa bai kai ba bana, kada ya ji kunya. Allah bai ɗora masa ba tukuna. Ya ci gaba da tari da addu'a har Allah Ya hore.

Allah Ya kira mu ɗakinSa da halal ɗinmu, Ya karɓi ibadar alhazanmu, Ya dawo da su gida lafiya ba tare da nauyin kowa a wuyansu ba. A tura wa duk wani maniyyaci da aka sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.