Ciwon Gwiwa da Maganin da Ke Daɗewa a Jiki

Jama'ar Ollelewa da sauran garuruwan Damargu, ga bayani a kan ciwon gwiwa na manya, wanda wasu ke kira sanyin ƙashi.

Ku dubi dattijo in zai tashi daga sujada. Sai ya dafa ƙasa da hannu biyu, gwiwa ta yi ƙas, ya ɗan dakata kafin ya miƙe. Dalili kuwa, a mahaɗar gwiwa akwai guringuntsi mai santsi da ke lulluɓe bakin ƙashi. Tsufa, da noma a duƙe, da dakon ruwa, da tsohon targaɗe su ke cinye shi a hankali, kamar yadda igiyar guga ke cin itacen bakin rijiya. In ya ƙare, sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne a duniya ke fama da wannan ciwo a gwiwa ko a sauran gaɓoɓi, kuma mata sun fi yawa.

Kun san ɗan tsinken nan da ake sa wa mata a dantse don tazarar haihuwa, ya yi shekara 3 ko 5 yana sakin magani kaɗan-kaɗan. Irin wannan dabara masana ke nema wa gwiwa. A 2017 Amurka ta amince da allurar Zilretta: an cusa magani cikin ƙananan ƙwayoyi masu narkewa sannu-sannu, likita ya tsira su cikin mahaɗar, ciwo ya lafa kamar wata 3. Amma fa a sani, zogi da kumburi take kwantarwa, ba ta mayar da guringuntsin da ya tafi. Tana da tsada, kuma aikin likita ce.

To, mu a nan fa?

Na ɗaya, a guji ƙwayoyin 'yan talla na kasuwa. Diclofenac da ibuprofen, in an daɗe ana sha, suna kawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda. Tramol kuwa kama mutum yake, ya kasa bari.

Na biyu, kada a bari wanda ba ma'aikacin lafiya ba ya soka wa gwiwa allura. In ƙazanta ta shiga, mahaɗar na iya ruɓewa.

Na uku, kada a kwanta. A yi tafiya daidai ƙarfi, a riƙe sanda, mai ƙiba ya rage nauyi, yara su karɓi tulun tsohuwa. Wanda sujada ta gagara, addini ya yarda ya yi salla a zaune.

In gwiwa ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, wannan ba sanyin ƙashi ba ne kawai. A garzaya gidan likita mafi kusa a ranar, in an tura ku Tanut ko Damagaram, ku tafi.